Daga Randa Zuwa Rumbu: Yadda Iska Ke Shan Ruwa, Da Yadda Take Mayar Da Shi

 

Duk wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya san cewa gaggautawa tana cikin farillan alwala a mazhabar Imamu Malik, watau mutum ya wanke gaɓoɓinsa bi da bi, kada ya wanke fuska da hannaye ya tafi wata sabga sa'an nan ya komo ga ƙafafu. To, idan ruwa ya yanke wa mutum a tsakiyar alwala ya tashi neman ƙari, wane jinkiri ne za a ce ya yi tsawo har sai ya sake daga farko? Shehu Halilu, mai Muhtasar, ya auna wannan jinkiri da bushewar gaɓoɓi. Sai dai malamai sun san bushewa ba ta da ma'auni guda, shi ya sa Shehu Dardir, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1786, ya bayyana a sharhinsa cewa abin lura shi ne gaɓoɓin mutum matsakaici, tsakanin tsufa da ƙuruciya, mai lafiya. A lokaci matsakaici, tsakanin zafi da sanyi, iska kuma tana kwance. A wuri matsakaici. Saboda haka mutumin Agadas da fuskarsa ke bushewa cikin hunturu tun kafin ya kai ga shafar kai, alwalarsa tana nan daram. Mazaunin Duwala kuwa, da hannunsa zai daɗe yana jiƙe, wannan bai ba shi izinin ya je kasuwa ya dawo ya ƙarasa ba.

Abin sha'awa a nan shi ne, waɗannan sharuɗɗa da malaman fiƙihu suka jera su ne kusan abin da malaman kimiyya ke koyarwa a makarantar boko game da tashin ruwa zuwa cikin iska: zafi, da kaɗawar iska, da yanayin wuri, da irin jikin da ruwan ke kansa. Mas'ala ce da ta wuce buta da shimfiɗar salla. Ita ce ke sanyaya ruwan randa, ita ce kuma ke ɓata hatsin da magidanci ya sha wahalar nomawa ko saye, har wani lokaci ta mayar da shi guba.

Iska mai ƙishirwa da iska ƙosasshiya

Ruwa ba ya jiran ya tafasa kafin ya zama tururi. A kowane lokaci akwai ƙananan ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani, da ke ɓallewa daga samansa suna shiga iska. Abin tambaya kawai shi ne nawa iskar za ta iya ɗauka. Idan aka auna iska mai cika ɗaki na mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya bisa, to a zafin digiri 20 ba ta riƙe fiye da kimanin giram 17 na tururi. A digiri 30 tana riƙe giram 30, a digiri 40 kuwa ta haura giram 50. Ashe iska mai zafi babbar ƙwarya ce, mai sanyi kuma ƙaramar moɗa.

Daga nan ne aka samo ma'aunin laimar iska da muke ji a rahoton yanayi. In aka ce laima kashi 20 cikin ɗari ce, ana nufin ƙwaryar iskar ba ta cika ko rubu'i ba, tana da sauran wuri mai yawa. A Yamai da Maraɗi da Damagaram, cikin watannin Fabrairu da Maris, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Wannan ita ce iska mai ƙishirwa: tana tsotsar ruwa daga wanki, daga leɓe, daga diddige har ya yi faso, daga ƙyauren katako har ya tsuke ya bar kafa. Cikin Agusta kuwa laimar takan haura kashi 70 ko 80, iska ta ƙoshi, sai a shanya zane tun hantsi ya kai la'asar bai bushe ba, ƙyauren nan kuma ya kumbura ya ƙi rufuwa. Ƴan uwanmu mazauna Kwatano da Lome da Duwala kusan duk shekara cikin irin wannan iska suke.

Kaɗawar iska tana da nata aiki. Iskar da ke manne da jiƙaƙƙen abu takan cika da tururi nan da nan, in ba a kore ta an kawo sabuwa ba bushewa sai ta tsaya. Wannan ne ya sa mahuci ke sanyaya jiki alhali bai rage zafin ɗaki da komai ba. Sai kuma faɗin fuskar abu: lita guda a cikin kwalba za ta yi makonni, amma a zuba ta a faranti a ajiye a rana, kafin kwana biyu sai labari. Mai kilishi ya san haka, shi ya sa yake feɗe nama ya yi shara-shara kamar takarda kafin ya shanya. Mutanen Bilma da Fashi ma da wannan suke ci tun kaka da kakanni: suna tara ruwan gishiri a ramuka masu faɗi marasa zurfi, rana da busasshiyar iska su kwashe ruwan su bar musu abin da za su yi kantu da shi.

Me ya sa ruwan randa ke da sanyi?

Ruwa ba ya tashi kyauta. Kowane giram da zai zama tururi sai ya ɗauki zafi daga abin da yake kai, kuma zafi ne mai yawa: abin da giram ɗaya ke tafiya da shi ya isa ya sauke zafin fiye da rabin lita da digiri guda. Jikin randa yumɓu ne gasasshe mai ƙananan kafofi, ruwa yana nasowa ta cikinsu zuwa waje, iska ta ɗauke shi, shi kuma ya tafi da zafin na ciki. A lissafi, idan randa mai lita 20 ta yi asarar rubu'in lita ta wannan hanya, zafin da ya fita ya isa ya sauke ruwan da wajen digiri 7. Salkar Buzaye da bidon da direbobi ke naɗe wa jiƙaƙƙen buhu duk hikimar ɗaya ce, haka nan gumin da Allah ya sanya a jikin ɗan Adam.

Wanda ya gane wannan ba zai shafa wa randa fenti ko siminti don ta daina naso ba, domin nason shi ne aikinta. Ba zai cusa ta a lungun da iska ba ta ratsawa ba. Zai kuma gane dalilin da ya sa tsohuwar randa ke rage sanyi, watau kafofinta ne suka toshe da gansakuka da gishirin ruwa, tana son a kankare ta ko a sake sabuwa. Kuma ba zai zargi maginiya ba in ruwa ya ƙi sanyi cikin Agusta, don iskar da ta ƙoshi ba ta karɓar komai daga jikin randa. A gefe guda, ya kamata a faɗa cewa sanyi daban, tsabta daban: randar da ba ta da marufi, wadda kowane yaro ke tsoma hannu da moɗa a cikinta, tana iya raba wa gida zawo komai daɗin ruwanta.

Wani malamin makaranta a Jihar Jigawa ta Nijeriya, marigayi Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki wannan tsohuwar hikima ya yaɗa ta a ƙauyuka cikin shekarun 1990. Tukunya biyu ce, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. An ba da rahoton cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki, tumatir da tattasai kuma sun yi mako uku. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Rolex ta shekarar 2000. Uwargidan da ba ta da firiji, ko wadda wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya, tana iya gwadawa da rani. Sai dai kayan lambu ake sa wa, ba nama ko kifi ba, domin sanyinta bai kai na hana su ruɓewa ba.

Abin da ya bushe yana iya komawa ɗanye

Yanzu sai mu juyo ga ɗaya fuskar, wadda ita ce ta fi damuna. Yadda iska ke karɓar ruwa daga abubuwa, haka abubuwa da yawa ke karɓa daga gare ta. Kowace uwargida ta ga gishirinta ya nashe da damina alhali ko ɗigo bai taɓa shi ba. Dalili shi ne da zarar laimar iska ta kai wajen kashi 75, gishiri yakan fara jawo tururi har ya narke a cikinsa. Sukari yana dunƙulewa, garin madara yana yin tauri, ashana tana ƙin kamawa, buhun siminti yana zama dutse. Ɗan ƙunshin nan da ake samu a cikin kwalbar magani an sa shi ne don ya tsotse laima kafin ta kai ga ƙwayoyin. A bar shi a ciki, a rufe kwalbar da kyau, a kuma nisanta shi daga hannun yara.

Kowane abu da irin ƙishirwarsa. Auduga tana riƙe ruwan da ya kai kashi 7 zuwa 8 na nauyinta a iska matsakaiciya ba tare da an ji ta jiƙe ba, yadin roba irin na foliyesta kuwa bai kai ko kashi 1 ba. Shi ya sa rigar auduga ke shanye gumi ta miƙa wa iska, ta roba kuma ta bar shi yana kwarara a jiki. Mai sayen yadin salla ga yara a shekarar da idi ya faɗo cikin bazara, ya tuna da wannan kafin ƙyalƙyali ya ruɗe shi.

Ƙwayar hatsi ma haka take, har ta fi. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, wadda wasunmu ke kira gujiya, kullum cikin ciniki suke da iskar da ke kewaye da su. In iskar ta fi su bushewa su ba ta ruwa, in ta fi su laima su karɓa, har sai sun daidaita. Ma'aunin da masana aikin gona suka yarda da shi shi ne kada ruwan da ke cikin masara ko gero ko dawa ya wuce kashi 12 zuwa 13 in ana son ajiya mai tsawo, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Da an wuce haka, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin takan haura laimar kashi 70, daga nan kuma fumfuna ta sami wurin zama.

Da a ce ɓarnar fumfuna ta tsaya ga wari da ɗaci, da da sauƙi. Akwai wani nau'inta da ke son gyaɗa da masara, wanda ke fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. A shekarar 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, bayan sun ci masarar da aka ajiye da sauran laima. Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba kasafai take aukuwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne cin gubar kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda ke kai ga sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, cutar da ta yawaita a ƙasashenmu. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara ƙanana a Benin da Togo ya nuna cewa waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. In dabba ta ci, wani kaso yana fitowa a nononta.

Gaskiya ne cewa fumfunar takan fara tun a gona, musamman in fari ya kama gyaɗa a ƙarshen damina. Wannan ba a hannunmu yake ba. Amma yaɗuwarta bayan girbi a hannunmu take, kuma a nan ne muke da wata al'ada da ya kamata mu dube ta da idon basira. Idan aka tsince gyaɗa, masu kyau su ake kai kasuwa. Ƙanƙanannun, da masu baƙi-baƙi, da waɗanda ƙwaro ya huda, su ake bari a gida don ƙuli-ƙuli da miya da kunun yara, wai kada a yi almubazzaranci. Alhali kuwa a cikin waɗannan ƴan tsirarun ƙwayoyi ne mafi yawan gubar ke taruwa. Zubar da abin da zai cuci jiki ba ya cikin almubazzarancin da shari'a ta hana, kuma bai dace a ce baƙo a kasuwa ya ci tsintacciya, ɗan da aka yaye jiya ya sha ragowa ba. A binne su ko a ƙone, kada ma a ba akuyar da ake tatsa.

Akwai kuma haƙƙin ciniki. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji laima. Mai abincin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, sai Annabi ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. A duba lissafin: buhu mai kilo 100 da ruwansa ya kai kashi 18, in ya bushe zuwa kashi 13 zai koma wajen kilo 94. Wanda ya saye shi a matsayin busasshe ya biya kuɗin kilo 6 na ruwa, ya kuma ɗauki abin da zai ruɓe masa a ɗaki. Mai yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa ko ta ƙara nauyi, ya san inda ya tsaya a wannan hadisi.

Shanya da ajiya

Magabatanmu ba su san sunan gubar ba, amma dubi rumbunsu. An ɗora shi kan duwatsu, iska na wucewa ta ƙarƙashi. An yi masa hular ciyawa mai kare rana da ruwa. Hatsin yana ciki da zangarniyarsa, dami-dami, da sarari tsakani. Mu da muka shigo birni sai muka koma ga sussukakken hatsi cikin buhu, a jibge kan daɓen siminti, a jingine da bango, a ɗaki mai rufin kwano marar taga. Siminti yana tsotso laima daga ƙasa. Mai shakka ya shimfiɗa leda a daɓensa cikin damina, ya danne gefunanta, ya ɗaga bayan kwana ɗaya ya duba ƙarƙashinta. Kwano kuma yakan yi zafi da rana ya huce da dare, tururin da ya tashi ya taru a jikinsa ya ɗigo kamar raɓa. Haka buhun ƙasa da na jikin bango ke fara lalacewa, mai gida bai sani ba sai ranar da ya zo kansu.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma an gwada shi. A ƙasar Gine, cikin wani aiki da aka buga sakamakonsa a 2005, an raba ƙauyuka 20 na yankin Kindiya gida biyu. Rabi aka koya musu tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta kan tabarma maimakon ƙasa, da tabbatar da bushewarta, da zuba ta a buhun algarara, da ɗora buhunan kan katako, da sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan watanni biyar, gubar da aka samu a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta sauran ba.

A wajen shanya, dokokin nan na farko su ne ke aiki: a baza da faɗi, kada kaurin ya wuce ƴan yatsu, a riƙa motsawa don na ƙasa ya ga iska, a kwashe kafin magariba domin da sanyin dare ƙwaryar iska takan ƙanƙance ta zubar da raɓa. Mutanen Gaya da Garwa da arewacin Benin, inda masara ke nuna ruwa bai ɗauke ba, su suka fi bukatar wannan kula. Kada kuma a ɗure hatsi a buhu da zafinsa daga rana, a bari ya huce a inuwa tukuna.

Yaya za a san ya bushe? Haƙori yana faɗa: busasshiyar ƙwaya tana fashewa da ƙara, mai laima kuwa lotsawa take yi. Gyaɗa mai kwanso in an girgiza ta sai a ji tana kacau-kacau. Akwai kuma gwajin gishiri, wanda ya fi haƙori tabbas. A sami kwalba busasshiya, a soya gishiri a kasko ya bushe sarai ya huce, a zuba hatsi sulusin kwalbar, a ƙara cokali biyu na gishirin, a toshe, a girgiza da kyau, a ajiye kamar rubu'in sa'a, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, ruwan hatsin ya kai wajen kashi 15 ko fiye, sai a mayar da shi shanya.

Idan ya bushe, sai zaɓin mazubi. Buhun algarara yana numfashi, saboda haka ya dace da abin da ake shakkar bushewarsa, a ɗaki mai iska, bisa katako, da tazarar kamu biyu daga bango. Amma numfashin nan ƙofa ce mai buɗewa ta kowane gefe, in damina ta zo laima za ta shiga yadda ta fita. Wanda zai kai hatsinsa har wata kaka, abin da ya fi masa shi ne mazubin da iska ba ta shiga: tano mai marufi, ko bido mai tsabta, ko buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri cikin buhu saƙaƙƙe. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru suka fara gwada dabarar kan wake a ƙarshen shekarun 1980, aka soma yaɗa buhun a Nijar da maƙwabtanta daga 2007 tare da cibiyar INRAN. Ƙwarin da ke ciki suna shanye ɗan iskar da ta rage su mutu ba tare da an sa magani ba, laimar waje kuma ba ta samun hanya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai tsanani: abin da aka rufe da laimarsa, da ita zai zauna, ya ruɓe a ciki. A ɗaure kowace leda daban, a duba ko ɓera ya huda, in kuma za a riƙa ɗiba kullum to a ware na cefanen wata guda a wani mazubi, kada a yi ta buɗe babban.

Takarda ma tana shan laima kamar hatsi, tawadar gargajiya kuma da ƙaro ake haɗa ta, shi kuwa ƙaro yana yin danƙo in ya ji danshi, sai warƙa ta manne da warƙa. Gidajen da suka gaji Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan kakanni su ɗaga su daga ƙasa, su raba su da bangon da ruwa ke duka, don gara ma laima take bi. A fito da su daga gafaka sau ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, a buɗe su a inuwa su sha iska. Kada a shanya su a rana, domin gefen takardar zai riga tsakiyarta bushewa, ta lanƙwashe, tsohuwa kuma ta karye.